Ƙwan LED a tsohuwar mota: mu daina rabin aiki, rayukan mutane ne a kan titi

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman masu tsofaffin motoci da direbobinmu na lodin kayan gwari a Kura, Bunkure da Garun Malam.

Waɗanda suka san ni sun san Peugeot 504 ɗin da nake ja a ƙarshen mako. Ta marigayi mahaifinmu ce, haɗin Kaduna, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya fara harhaɗawa a can tun 1975. Sau da dama an taya, na ce ba ta sayarwa ba ce. Ita nake hawa in je gona, domin ta fi motar zamani jure ramuka da hanyar gefen kanal.

Kwanakin baya na gaji da yadda ƙwayayen fitilunta ke yawan ƙonewa, ga hasken ya dushe. Sai na sayi ƙwayayen LED na sa aka canza na sigina gaba da baya. Da aka kunna sai haske rangaɗau, na ce madalla. Abin da na lura da shi, amma na yi sakaci, shi ne siginar ta daina ƙiftawa. In na sa ta, sai ta kama ta tsaya cak, kuma wannan ƙarar ta ƙas-ƙas da muka saba ji ta ɗauke. Na ce a raina ai tunda tana kamawa, in na samu lokaci na kai wa mai wayarin.

Ranar wata Asabar, gab da magariba, ina kan hanyar Karfi zuwa Bunkure zan karya hagu in shiga wata ƙaramar hanyar gona. Na sa sigina, na rage gudu, na fara juya sitiyari. Sai ga wani yaro a kan babur, da kwandon tumatir a bayansa, ya fito zai wuce ni ta hagun. Allah ne kaɗai Ya tsare. Ya taka birki ya kauce, ya gangara gefen titi, kwandon ya kife, shi kuma ya ƙuje a gwiwa. Na fito raina a ɓace na ce, "Kai yaro, ba ka ga sigina ba?" Ya dube ni ya ce, "Wallahi Baba ba ka sa sigina ba. Wuta dai na gani a kunne, na ɗauka ta baya ce."

Na zagaya bayan motar na duba. Gaskiyarsa. Wuta ce kawai a tsaye, ba ta cewa komai. Na ba shi haƙuri, na biya shi tumatirinsa, na kai shi aka wanke masa ciwon. Amma a daren nan ban yi barcin kirki ba. Da ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin taya, me zan gaya wa iyayensa? In ce ina jiran in samu lokaci?

Tun daga ranar na zauna na bi diddigin abin, kuma ga ra'ayina a taƙaice: ƙwan LED abu ne mai kyau, ban ce kowa ya guje shi ba. Amma wanda ya sa shi a siginar tsohuwar mota bai canza abin da ke sa ta ƙiftawa ba, bai gyara motarsa ba, ya lalata ta ne. Gara tsohon ƙwai mai dishi-dishi da ke ƙiftawa daidai, da sabo mai haske da ke yi wa na baya ƙarya.

Bari in yi bayanin dalili, domin in mutum ya gane shi ba wanda zai yi masa gyaran gangar Auzinawa.

Ƙwan sigina ba shi ke kunna kansa ya kashe ba. Akwai wata 'yar ƙaramar na'ura, yawanci a ƙarƙashin dashbod, masu wayarin na kiranta filasha. A tsofaffin motoci, a cikinta akwai wani siririn ƙarfe da aka haɗa da ƙarafa iri biyu. In wuta ta ratsa, sai ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wutar, ƙwai ya mutu. In ya huce sai ya miƙe ya sake haɗawa, ƙwai ya kama. Wannan lanƙwashewa da miƙewa ita ce ƙarar da muke ji. Ke nan filashar ta dogara ne da yawan wutar da ƙwayayen ke ja.

To ga lissafin. Tsohon ƙwan sigina wat 21 ne. A batir mai bolt 12, kowane ɗaya na jan amfiya 1.75. Na gaba da na baya, amfiya 3.5 ke nan, ban da ɗan ƙaramin na gefe in motar na da shi. Da wannan nauyin aka ƙera filashar, shi ya sa in ka ciro ta za ka ga an rubuta 21 a jikinta. LED ɗin da na saya kuwa wat 3 aka rubuta a kwalinsa. Biyu ba su wuce rabin amfiya ba, wato kashi ɗaya cikin bakwai na abin da filashar ta saba samu. Wannan 'yar wutar ba ta isa ta ɗumama ƙarfen ba, sai ya zauna yadda yake, siginar ta kama ta tsaya. Abin da ya faru da tawa ke nan.

Motocin da suka zo daga baya, irin su Golf da tsofaffin Toyota da ke cike da tashoshinmu, matsalarsu ta sha bamban. Filasharsu ta lantarki ce, kuma an tsara ta da gangan ta yadda in ƙwai ɗaya ya ƙone, sai ƙiftawar ta ninka sauri don direba ya gane. Da ka sa LED, sai ta ga wutar da ake ja ta ragu, ta ɗauka ƙwai ya mutu, ta shiga ƙiftawa far-far-far. Ƙa'idar da ake ƙera motoci a kanta a Turai da Amurka ita ce sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. In ta wuce haka, daga nesa, cikin hazo ko ƙura, ido ba ya rarrabe ta da wutar da ke rawa saboda sakin waya. Sannan ka yi asarar gargaɗin: ranar da ƙwai ya mutu da gaske ba za ka sani ba, tunda dama kullum a guje take.

Akwai ta uku, wadda ta fi rikita mutane. Wasu tsofaffin motoci ƙwai ɗaya tak ne a dashbod ke nuna maka siginar hagu da ta dama, kuma an haɗa shi ne a tsakanin wayar hagu da ta dama. Da tsofaffin ƙwayaye, 'yar wutar da ke silalewa ta cikinsa zuwa ɗaya ɓangaren ba ta isa ta kunna komai ba. LED kuwa da wuta kaɗan yake kamawa. Sai ka sa siginar hagu, fitilu huɗu su kama ƙiftawa gaba ɗaya kamar motar da ta lalace. Na bayanka ba zai san hagu za ka yi ba, ko dama, ko tsayawa.

Yanzu maganar gyara. Wurin mai wayarin na farko da na kai ta, sai ya ce, "Oga wannan ƙaramin aiki ne." Ya ɗauko rizista ya jona a wayar kowane ɓangare, ya naɗe da baƙin tef, ya cusa a bayan kafet na but. Siginar ta dawo tana ƙiftawa, na biya na tafi. Bayan kwana biyu na tsaya a gefen titi na bar fitilun gargaɗi huɗu a kunne na ɗan lokaci, sai na ji ƙaurin roba. Na buɗe but, tef ya narke.

Ba na zargin yaron da mugunta, abin da ya gani ana yi ya yi. Amma a duba abin da rizistar ke yi. Irin wadda ake sayarwa don wannan aiki om 6 ce. A bolt 12 tana jan amfiya 2, wato wat 24, kuma duk wannan wutar zafi take zama, ba haske ba. Aikinta kawai ta yaudari filasha ta ɗauka tsohon ƙwai na nan. Ke nan ka kashe kuɗi ka sayi LED don ka rage wa batir nauyi, sannan ka sake kashe kuɗi ka mayar masa da nauyin, har da ƙarin haɗarin gobara. In dole sai an sa ta, to a ɗaure ta da kusa a jikin ƙarfen mota inda iska ke ratsawa, nesa da roba, kafet da tiyon mai. Ba a naɗe ta da tef.

Gyara na gaskiya ya fi wannan sauƙi: a cire tsohuwar filashar a sa ta lantarki wadda aka yi don LED. Ita lokaci take ƙirgawa da kanta, ba ruwanta da yawan wutar da ake ja. Wani dattijon mai wayarin a cikin Kano ne ya yi min, bai ɗauki rabin awa ba, kuɗin kuma bai kama ƙafar na cika tanki ba. Abin da za a kula da shi wajen saye: a tafi da tsohuwar a hannu, a ƙirga ƙafafunta, biyu ne ko uku, a duba lamba ko harafin da ke kusa da kowace ƙafa. A motocin Turai da yawa za ka ga 49, wato inda wuta ke shiga, da 49a, inda take fita zuwa sigina, da 31, wadda ke zuwa jikin mota. Filasha biyu na iya kama da juna a ido amma jerin ƙafafunsu ya bambanta. Wasu sababbin kuma suna zuwa da ƙarin waya da dole sai an ɗaure ta a jikin ƙarfen mota kafin su yi aiki.

Mai matsalar fitilu huɗu kuma, maganinsa dayod guda biyu. Dayod na barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya ne kawai. Ana sa ɗaya daga wayar hagu, ɗaya daga ta dama, su haɗu a ƙafa ɗaya ta ƙwan dashbod ɗin, ɗaya ƙafar kuma a kai ta jikin mota. Shi ke nan wutar hagu ba ta da hanyar tsallakawa dama.

Sauran abubuwa uku da dattijon nan ya ja kunnena a kansu. Na farko, launi. Gilashin siginar ruwan lemo ne, to a sa LED mai launin ruwan lemo. Farin LED a bayan irin wannan gilashi yakan fito a koɗe, da rana ma da ƙyar ake ganinsa. Na biyu, tsatsa. Motocinmu na nan kullum cikin ƙura da laka da ruwan kanal suke, mazaunin ƙwai na yin tsatsa, wayar da ke manne da jikin mota ta saki. A kankare, a ɗaure tamau, kafin a ɗora wa ƙwai laifi. Kuma LED da yawa suna da fozitif da negatif, in aka juya waya ba za su kama ba. Na uku, kuma wannan ku riƙe shi da kyau: ɗan jan ƙwan nan na cajin batir da ke dashbod, kada a mayar da shi LED a tsohuwar mota. A da yawa daga cikinsu ta cikin wannan ƙwan ne wutar farko ke bi ta tayar da altaneta. In aka sa LED, altaneta na iya ƙin fara caji, ka wayi gari batir ya mutu a tsakiyar gona kana zagin mai batir.

Na san wani zai ce, Malam, ƙasa na fama da tsadar rayuwa kai kana maganar ƙwan sigina. To ai tsadar ce ta kawo maganar. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta faɗi, motar Kwatano ta fi ƙarfin ma'aikaci da ƙaramin manomi. Kowa ya koma yana lallaɓa tsohuwar da yake da ita. Ku tsaya a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ku ga irin motocin da ke lodi: akori-kura da ta girmi direbanta, tsofaffin bas da aka cire wa kujeru, Golf da aka danƙare har saman rufi. Waɗannan su ne ke kwashe abin da ruwan madatsar Tiga ya shayar tun daga shekarun 1970, shinkafa da tumatir da albasa da masara, su kai kasuwa. Kuma mafi yawan zirga-zirgar da asuba ne ko bayan magariba, lokacin sanyi, cikin hazo, suna fitowa daga ƙananan hanyoyin gona suna hawa babban titin Kano zuwa Zariya inda tirela ke gudu. A irin wannan wuri sigina ita ce kaɗai bakin da direba ke magana da shi da na bayansa. Ga ƙwayayen LED sun cika kasuwa, har yara na tallansu a bakin titi. Tsohuwar waya, sabon ƙwai, ba bayani: abin da ya kusa halaka yaron nan ke nan.

Wani kuma zai ce, ai mutanenmu dama ba sa sa sigina, meye amfanin gyara ta? Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ba hujja ba ce. Wanda bai sa sigina ba, na baya ya san bai san nufinsa ba, sai ya yi hattara. Wanda ya sa kuwa ta nuna ba daidai ba, shi ya sakankance ya sanar, sai ya karya kan mota da ƙarfin gwiwa, na baya kuma bai ga komai ba. Haka na yi. Ƙari a kan haka, direbobinmu na manyan hanyoyi sun ɗora wa sigina wasu ma'anoni, kamar nuna wa na baya ya wuce ko kada ya wuce. Dama can abin na da ruɗani, ina ga an ƙara da fitilar da ba ta ƙiftawa ko mai kama huɗu a tare?

Akwai kuma masu cewa a bar LED ɗin gaba ɗaya a koma wa tsohon ƙwai. Wannan ra'ayi ina girmama shi, kuma ga wanda ba shi da halin canza filasha yau, shi ne shawarata: mayar da tsofaffin ƙwayayenka har ka samu hali. Amma ba zan ce LED ba shi da amfani ba. Yana kamawa nan take, ba ya jiran zare ya yi zafi. Ba shi da siririn zaren da girgizar ramuka ke tsinkewa. Kuma in mota ta mutu maka da dare a gefen titi, za ka iya barin fitilun gargaɗi a kunne na tsawon lokaci batir bai ƙare ba. Fasaha ce babba, har Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samu kyautar Nobel a 2014 saboda ƙirƙiro shuɗin LED wanda ya buɗe hanyar samun farin haske. Laifin ba na fasahar ba ne, namu ne da muke ɗaukar rabi mu bar rabi.

Saboda haka ina da kira ga ɓangarori huɗu.

Masu sayar da kayan mota, daga Ƙofar Ruwa har shagunan cikin Kura: in mutum ya zo sayen LED na sigina, ku tambaye shi wace mota ce, ku gaya masa sai da filasha. Ciniki biyu ma za ku yi maimakon ɗaya, kuma kun fita haƙƙinsa.

Masu wayarin: ku ji tsoron Allah ku daina sallamar mota alhali kun ga sigina ba ta ƙiftawa daidai. In mai mota ya ce ba shi da kuɗin filasha, ku mayar masa da tsofaffin ƙwayayensa. Iyayen gida kuma ku zaunar da yaranku ku koya musu dalili, ba jona waya kawai ba.

Hukumomi, wato jami'an Road Safety, wadda aka kafa tun 1988 don irin wannan aiki, da KAROTA da masu duba lafiyar motoci: ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda tara ke da sauƙin rubutawa fiye da wayar da kai. Amma kafin kakar tumatir ta kankama, me zai hana a haɗa kai da shugabannin ƙungiyar direbobi a shiga tashoshi da wuraren lodi, a duba sigina da fitilar birki, a nuna wa direba abin da zai canza? Direban da aka nuna wa gyara zai gyara. Wanda aka ci tara kawai, hanya zai sauya gobe.

Mu kuma masu motoci, nauyin farko a wuyanmu yake. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka tayar da mota ka sa yaronka ko maƙwabcinka ya tsaya a baya, sannan a gaba. Ka sa hagu, ka sa dama, ka sa huɗun, ka taka birki tare da sigina, ka kunna fitilun dare ka sake gwadawa. Ka ƙirga ƙiftawar: in a daƙiƙa goma ta yi tsakanin goma zuwa ashirin, lafiya lau. In ta tsaya cak, ko tana gudu, ko ɗaya ɓangaren na kamawa, kada ka ce sai ka samu lokaci. Ni na faɗi haka, kuma saura ƙiris in ɗauki alhakin ɗan mutane.

Yaron nan na sake haɗuwa da shi a Karfi makon jiya, gwiwar ta warke. Ya leƙa bayan motar ya ce, "Baba an gyara ke nan?" Na sa masa siginar ya gani da idonsa, muka yi dariya.

Wanda ya san mai tsohuwar mota ko direban lodi, don Allah ya tura masa ko ya karanta masa. Masu wayarin da ke cikin abokaina, in akwai inda na yi kuskure ku gyara min, ku ne masu sana'ar. Allah Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya ba manomanmu damina da rani masu albarka, Ya jiƙan iyayenmu. Amin.